Steve Wozniak, Injiniyan da Bai Iya Rowa Ba

A Jalingo ba sai an yi wa kowa bayanin iPhone ba. Daga shagunan waya na titin Hammaruwa zuwa ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba, har yaron da bai taɓa riƙe ta ba ya san alamar tuffar nan da aka gatsa. Masu bin labarai sun san Steve Jobs, mai baƙar rigar nan da ya rasu a 2011. Amma da an ambaci Steve Wozniak sai a shiga kallon-kallo. Alhali shi ne ya zauna da fensir da takarda da dalma ya haɗa kwamfutoci biyun farko da kamfanin Apple ya miƙe a kansu. Jobs ya iya ciniki, ya kuma san abin da ido ke so. Wozniak ne ya san inda kowace waya za ta bi a cikin na'urar.

Masu basira suna da yawa a wannan fage. Abin da ya sa injiniyoyi ke ambaton Woz, kamar yadda suke kiransa, da wata irin ƙauna da ba sa yi wa sauran manyan attajiran fasaha, halinsa ne. Halin nan kuwa ba a bakin abokai kawai ake jin labarinsa ba, ana ganinsa a jikin na'urorin da ya ƙera.

An haife shi ranar 11 ga Agusta, 1950, a San Jose da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Mahaifinsa, Jerry, injiniya ne a kamfanin Lockheed, kuma tun yaron yana ƙarami ya riƙa zaunar da shi yana nuna masa yadda lantarki ke tafiya, daga tushe, ba hadda ba. Wozniak ya sha faɗa cewa abu biyu ya gada daga mahaifin nasa: ɗaukar aikin injiniya a matsayin aiki mai daraja saboda yana sauƙaƙa wa mutane rayuwa, da ƙin ƙarya ko da ƙanƙanuwa ce.

Lokacin da yake sakandare, kwamfuta kayan gwamnati ne da bankuna da manyan jami'o'i. Ya taɓa ce wa mahaifinsa wata rana sai ya mallaki tasa. Uban ya ce ai kuɗinta ya kai kuɗin gida. Yaron ya ce to zai zauna a gidan haya. Tunda babu kuɗin sayen kayan haɗi, sai ya koma takarda. Yakan samo littattafan bayanin kwamfutocin kamfanoni, irin su Nova ta kamfanin Data General, ya rufe ƙofar ɗakinsa, ya zana tasa daga farko. Idan ya gama sai ya sake zanawa, wannan karon da aisi ƙasa da na jiya. Aisi su ne 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ake mannawa a jikin fanel, waɗanda kowane mai gyaran waya ya sani. Babu malamin da ya sa shi, babu maki, babu mai yabo, domin babu ma wanda yake nuna wa. Gasa yake yi da kansa. Shekarun nan na zane a takarda su suka mayar da tsimi ya zama ɗabi'arsa, har ya kai ba ya iya barin aisi ɗaya ta zauna a fanel tana aiki ɗaya idan za ta iya yin biyu.

A 1971 wani abokinsa, Bill Fernandez, ya haɗa shi da Steve Jobs, wanda Wozniak ya girma da shekara huɗu da 'yan watanni. Ba duk abin da suka yi tare ne abin koyi ba. Sana'arsu ta farko ita ce ƙera wani ɗan akwati mai yaudarar kamfanin tarho a buga waya nesa ba a biya ba, suna sayar wa ɗalibai. Wannan laifi ne a doka, kuma ƙuruciya ba ta wanke shi. A 1973 Wozniak ya sami aikin da yake mafarki a kamfanin Hewlett-Packard, wato HP, a sashen ƙera kalkuleta, ya kuma ƙudura cewa a nan zai tsufa.

Ranar 5 ga Maris, 1975, wasu masu sha'awar lantarki suka taru a garejin wani mutum mai suna Gordon French a garin Menlo Park. Wannan taro shi ya zama ƙungiyar Homebrew. Abin da ya tara su shi ne Altair 8800, wata kwamfuta da ake saye a warwatse a haɗa a gida, ba ta da allon rubutu, ba ta da fuska, sai makunnai da 'yan fitilu. Wozniak, mai tsananin kunya, ya zauna a baya bai ce uffan ba. Amma ya koma gida da takardar bayanin wata ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya duba, ya gane cewa abin da ya shekara da shekaru yana zanawa ne aka dunƙule a aisi ɗaya. Ranar 29 ga Yuni na wannan shekarar ya danna harafi a allon rubutu, harafin ya fito a fuskar talabijin. Daga baya ya gina na'urar a kan ƙwaƙwalwar 6502 ta kamfanin MOS Technology, ba don komai ba sai don ana sayar da ita a kan dala 25, lokacin da takwarorinta suka ninka haka sau da yawa. Manhajar BASIC da na'urar ke buƙata ma da hannu ya rubuta ta a littafi, layi bayan layi, domin ba shi da kuɗin hayar babbar kwamfutar da ake irin wannan aiki da ita.

To, ga mutum ya ƙera abin da duniya za ta yi rububi a kai. Me ya yi da shi? Ya buga zanen a takarda ya riƙa rabawa kyauta a taron Homebrew, har yakan bi wasu gida ya taya su haɗa nasu. Da Jobs ya kawo shawarar a daina rabawa a fara sayarwa, Wozniak ya ce akwai sauran magana. Shi ma'aikacin HP ne, kuma yana ganin duk abin da ya ƙirƙira yana cin albashinsu, su ya kamata a fara yi wa tayi. Ya kai musu. Suka ce ba sa so. A faɗarsa sau biyar yana komawa suna ƙi. Sai da kamfanin ya ba shi takardar cewa HP ba ta da haƙƙi a kan na'urar, sannan hankalinsa ya kwanta. Aikin da ya yi da dare ne, a lokacinsa, da kuɗinsa, kuma da ya yi shiru da wuya wani ya tuhume shi.

Ranar 1 ga Afrilu, 1976, aka kafa Apple. Wozniak ya sayar da kalkuletarsa ƙirar HP-65, Jobs ya sayar da motarsa Volkswagen, suka haɗa jari. Na ukunsu, Ronald Wayne, ya tsorata da bashi ya janye cikin 'yan kwanaki, ya karɓi dala 800 a madadin kashi 10 cikin ɗari na kamfanin. Wani mai shago, Paul Terrell, ya yi odar guda 50, aka sa wa na'urar farashin dala 666.66, aka ƙera kusan 200 gaba ɗaya. Gaskiya ita ce, ba don Jobs ba, da wataƙila Wozniak ya ƙare yana raba zane a gareji har wasu su kafa kamfani da shi. Kowannensu ya buƙaci ɗan'uwansa.

Sai dai abotar tana da tabo. Kafin Apple, Jobs yana aiki a kamfanin wasannin bidiyo na Atari, aka ba shi aikin ƙera wasan Breakout, da alkawarin ƙarin kuɗi idan aka rage yawan aisi. Ya kira Wozniak. Cikin kwana huɗu ba barcin kirki Wozniak ya gama, da aisi arba'in da 'yan kai, matsattsen zanen da injiniyoyin Atari suka kasa bi, har sai da suka sake nasu. Jobs ya ce masa dala 700 aka biya, ya miƙa masa 350. Sai bayan kusan shekara goma Wozniak ya sami labarin cewa akwai ƙarin kuɗin da ba a gaya masa ba. Jobs ya musanta zancen, amma manyan Atari na lokacin sun ce an biya ƙarin. Wozniak ya ce abin ya sa shi kuka. Ya kuma ce da Jobs ya gaya masa yana cikin matsi, da ya bar masa kuɗin duka. Bai kai ƙara ba, bai mai da abin makamin ɓata suna ba, kuma da Jobs ya rasu, da hawaye ya yi maganarsa a gaban 'yan jarida.

Inda halin Wozniak ya fi fitowa fili shi ne kwamfuta ta biyu, Apple II, wadda aka nuna a wani baje koli a San Francisco cikin Afrilun 1977, aka sa mata dala 1,298. Tana nuna launi, abin da a lokacin ake ganin sai da kaya masu tsada, amma shi ya samo dabarar yaudarar talabijin da 'yan aisi masu arha. A cikinta, a bayan fanel, ya jera gurabe takwas inda mai ita zai iya soka ƙarin kati ya ba ta aikin da ba ta zo da shi ba. Jobs ya ce biyu sun isa, ɗaya na na'urar buga takarda, ɗaya na haɗi da layin tarho. Wozniak, wanda ba ya son gardama, a nan ya kafe. Ya ce idan biyu ake so, a nemo wata kwamfutar. Hujjarsa ita ce ba shi da ikon sanin abin da mai saye zai so yi da kayansa gobe, don haka a bar masa ƙofa. Murfin ma ba sai da sukurdireba ba, da hannu ake ɗaga shi. Littafin da ke biye da na'urar kuwa yana ɗauke da cikakken zanen wayoyinta da rubutun manhajar da ke cikinta.

Gurabe takwas ɗin nan suka zama abincin ɗaruruwan ƙananan kamfanoni. Wasu suka ƙera katin ƙara ƙwaƙwalwa, wasu na kiɗa, wasu na awo a ɗakin gwaje-gwaje. Microsoft ma kanta a 1980 ta fito da nata katin. Shekara ɗaya kafin nan manhajar lissafin kuɗi ta VisiCalc ta fito a kan Apple II, 'yan kasuwa suka fara sayen kwamfutar saboda ita kaɗai. An sayar da miliyoyi, kuma zuriyar Apple II ba ta bar kasuwa ba sai 1993. Wato ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da Jalingo babban birni, ana nan ana ƙera na'urar da wani saurayi ya zana shekara 14 kafin nan.

Akwai wani ƙaramin labari da injiniyoyi ke so ƙwarai. A ƙarshen 1977 aka buƙaci Apple II ta iya karanta faifan ajiya, kuma ana son a nuna shi a baje kolin Las Vegas cikin Janairun 1978. Wozniak bai taɓa irin wannan aiki ba. Ya kwashe hutun Kirsimeti a ofis, shi da wani matashi Randy Wigginton, ya fito da kati mai aisi takwas kacal, alhali na sauran kamfanoni na cin gommai. Da ya zo zana fanel ɗin katin, ya gama tsaf, sai ya lura cewa da ya juya wani sashe, da 'yan ramukan da waya ke ratsawa daga fuska ɗaya zuwa ɗaya sun ragu. Babu mai saye da zai taɓa ƙirga ramukan nan. Ya warware aikin ya sake daga farko.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburin mai gyaran waya a Jalingo ya san wannan irin natsuwa. Ga fitila a sunkuye, ga tabarau mai ƙara girma, ga bulowa tana hura zafi, ga tsohon buroshin haƙori da kwalbar sifirit, ga kwali cike da matattun wayoyi da ake ciro kaya daga jikinsu. An kawo waya ta sha ruwa, ko ba ta caji, ko an ce fanel ya ƙone. Janareto na ruri a waje, kowane minti fetur ne. Mai gyaran kirki zai bi layi ɗaya bayan ɗaya da mita har ya kama 'yar aisin da ta mutu, ya ɗaga ta da hantsaki, ya dasa wata. Wani kuwa zai ce sai an canza fanel gaba ɗaya, ko sai an aika Farm Centre a Kano, ko Legas. Wayar GSM ba ta shigo Najeriya ba sai 2001, don haka wannan sana'a ba ta da kakanni. Akasarin masu yinta a gaban wani suka koya, da ido da tambaya, sai kuma bidiyon da wani baƙo a wata ƙasa ya ɗora a intanet kyauta.

A nan ne labarin Wozniak ya shafi Jalingo kai tsaye, domin rowar ilimi cuta ce da ta daɗe a sana'o'in hannu. Akwai maigidan da idan aiki ya kai wurin sirri sai ya aiki yaron shago sayen ruwa. Tsoronsa ba na banza ba ne: yaro ya iya, gobe ya kafa tebur a tsallaken titi ya janye kwastomomi. Dole kuma a yi adalci, Wozniak yana da albashin HP lokacin da yake raba zanensa, ba da shi yake cefane ba. Amma abin da ya faru da Apple II hujja ce mai nauyi. Buɗe na'urar bai kashe kasuwarta ba, shi ya faɗaɗa ta, domin duk wanda ya koyi cikinta ya zama mai tallata ta. Garin da masu gyaransa suka iya aikin fanel, kuɗin gyara a garin yake zama. Garin da mutum biyu kawai suka iya, su ma suna ɓoyewa, wayoyinsa a mota suke tafiya Kano. Kuma matasan da za su koya suna nan birjik. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, dubban yara daga Zing, Bali, Gembu da Karim Lamido suke zama gaban allon rubutu, kuma a cikinsu ba a rasa wanda ke son sanin abin da ke ƙarƙashin murfin.

Kamfanin da Wozniak ya kafa bai bi hanyarsa ba. Macintosh ta 1984 ta zo a rufe, babu gurbi ko ɗaya, ba a buɗe ta sai da sukurdireba na musamman. Sababbin iPhone kuwa, idan aka canza musu sikirin ko batir da wanda ba na kamfani ba, sukan fito da saƙon gargaɗi, abin da masu gyara a nan suka sani sarai. A Yulin 2021 Wozniak ya fito fili ya goyi bayan masu fafutukar 'yancin gyara. Ya ce da bai tashi a zamanin da rediyo da talabijin ke zuwa da zanen cikinsu ba, da babu Apple, ya kuma tambaya: idan mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, tasa ce ko ta kamfani? A Nuwamban wannan shekarar Apple ta sanar cewa za ta fara sayar wa jama'a kayan gyara da littattafan bayani, aka fara a Amurka a 2022. Matsin lamba daga wurare da yawa ne ya jawo haka, amma muryar wanda ya kafa gidan tana da nata nauyi.

Sai maganar kuɗi. A 1980, da Apple ke shirin shiga kasuwar hannayen jari, ta bayyana cewa wasu da suka yi wahalar farko ba za su sami komai ba, saboda ba a ɗauke su a matsayin manyan ma'aikata ba. Cikinsu har da Daniel Kottke, abokin Jobs tun jami'a, wanda ya yi aiki a garejin farko. Jobs ya ƙi ba shi. Wozniak ya ɗebo daga nasa kason ya sayar wa ma'aikata kusan 40 hannun jari har 2,000 kowannensu a farashi mai rahusa ƙwarai. Ranar 12 ga Disamba aka buɗe ciniki a kan dala 22, kuma da yawansu da wannan suka sayi gida. Kottke, Fernandez, Wigginton da Chris Espinosa kuwa kyauta ya ba su. Babu dokar da ta tilasta masa. Shi dai a ganinsa wanda aka sha rana tare da shi ba a barinsa a waje ranar rabo, maganar da kowane yaron shago da ya shekara biyar yana bauta aka sallame shi hannu rabbana zai fahimta ba tare da tafinta ba.

Mulki ma bai dame shi ba. Lokacin da mai zuba jari Mike Markkula ya sa sharaɗin sai Wozniak ya bar HP, da farko ƙi ya yi, don yana tsoron a mai da shi manaja mai ba da umarni da korar mutane. Sai da abokinsa Allen Baum ya tabbatar masa cewa zai iya zama injiniya kawai har abada, sannan ya yarda. A Fabrairun 1981 ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi, ya yi makonni biyar ba ya iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsa. Da ya warke, maimakon ya koma ofis, sai ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley don ƙarasa digirin da ya bari. Ya yi rajista da sunan aro, Rocky Clark, don kada malamai da ɗalibai su riƙa yi masa kallon miloniya. Ya kammala a 1986. Ba duk hannunsa ne ya faɗa daidai ba: manyan bukukuwan kiɗa biyu da ya shirya a 1982 da 1983 sun cinye masa miliyoyin daloli, kuma akwai masu ganin sauƙin kansa ya sa an sha cin amanarsa.

A 1985 ya daina aikin yau da kullum a Apple, a shekarar da Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar yabo ta ƙasa kan fasaha, shi da Jobs. Tun yana yaro ya ce idan bai zama injiniya ba, to zai zama malamin aji biyar. Sai ya yi duka biyun. Shekara takwas yana koyar da yaran firamare da na farkon sakandare kwamfuta a garin Los Gatos, yana saya musu na'urori daga aljihunsa, yana koyar da malamansu ma, kuma ya hana 'yan jarida shiga ajin. Ya ba da kuɗin kafa gidan ilimin yara na San Jose, wanda titin da ke gabansa yanzu ake kira Woz Way, ya kuma taimaka da kuɗi wajen kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF a 1990.

Har yau sunansa na cikin jerin ma'aikatan Apple, kuma ya ce abin da ke shigo masa daga nan bayan an cire haraji bai wuce dala 50 a mako ba. A Agustan 2025, da ya cika shekara 75, ya rubuta cewa dukiyar da ya samu daga Apple ya rabar da ita, domin ba don kuɗi ko iko yake rayuwa ba. Abin da yake ci yanzu, in ji shi, daga laccocin da ake gayyatarsa ne a ƙasashe, ba ya neman hanyar kauce wa haraji, kuma kusan kashi 55 cikin ɗari na abin da ya samu gwamnati yake biya.